Shekara goma kafin goyo: yadda daskarar da ƙwai da 'yan tayi ya taimaki wata malama a Zariya

## Farkon matsalar, 2013 zuwa 2016

Matar da wannan bayani ya shafa malamar firamare ce, mazauniyar Tudun Wadan Zariya. An ɗaura mata aure a watan Disamba na 2013 tana da shekara 24. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, yana kuma sayen masara a kasuwar Giwa lokacin kaka ya ajiye sai ta yi daraja. Ita ce ta yarda a bi takardun asibitinta a rubuta labarin, bisa sharaɗin kada a ambaci sunan kowa. Zan riƙa kiranta Malama.

Tun tana budurwa al'adarta ba ta zuwa kan lokaci. Takan yi wata biyu ko uku ba ta ga jini ba, ga gashi a haɓa, ga ƙiba da ba ta san dalilinta ba. Iyaye mata suka ce aure zai daidaita komai. Bayan auren, duk lokacin da jinin ya yi jinkiri sai a fara murna a gida. Idan ya zo sai a ce ɓari ne, idan ya ƙi zuwa kuma cikin bai taso ba sai a ce ciki ne ya kwanta. Sau biyu ta yi gwajin fitsari a kemis, sau biyun babu komai, amma maganar kwantaccen ciki ta fi ƙarfi a kunnen dangi.

A ƙa'idar likitoci, idan ma'aurata sun yi shekara guda suna tare ba su amfani da tsarin iyali kuma ba a samu ciki ba, sai a binciki mijin da matar gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a watan Afrilu na 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A gidan Malama ba a bi wannan ƙa'ida ba. Ita kaɗai aka sa wa ido.

Ta sha maganin sanyi kala-kala, da jiƙe-jiƙen saiwoyi, da zuma da habbatus sauda. Wata ƙawarta ta rubuta mata sunan ƙwayar Clomid, ta saya a kemis ta sha wata bakwai a jere ba tare da an taɓa yi mata sikanin a ga ko tana sakin ƙwai ba. Sannan a 2015 da 2016 aka yi mata wankin mahaifa sau biyu a wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ce datti ne ya hana cikin zama. Ba ta taɓa yin ɓarin da ke bukatar wankin ba.

## Amarya, da gwajin da aka daɗe ana gudu, 2017 zuwa 2020

A watan Afrilu na 2017 maigida ya ƙara aure, saboda matsin mahaifiyarsa da yayyensa mata. Amarya 'yar shekara 21 ce, al'adarta ba ta saɓa lokaci. Shekara biyu suka wuce, ita ma shiru. Daga nan ne gorin da ake wa Malama ya fara raguwa, ido ya koma kan maigida.

A watan Yuli na 2019 su uku suka je sashen mata na asibitin koyarwa da ke Shika. Sikanin da gwajin jini suka nuna Malama na da lalurar da ake kira PCOS: gidan ƙwanta cike yake da ƙananan jakunkunan ƙwai da ba sa nuna, saboda haka ba kowane wata take sakin ƙwai ba. Bututun mahaifarta biyu a buɗe suke. Nauyinta kilo 84. Ba a ga wata matsala a jikin amarya ba. Gwajin maniyyin maigida ya nuna ƙwayoyi miliyan 4 a kowace mililita, alhali mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka daidai a lokacin miliyan 15 ne, kuma yawancinsu ba sa motsi sosai.

"Likita, ni fa lafiyata ƙalau," in ji shi. Likitan ya yi masa bayani cewa ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, yawan ƙwayoyin haihuwa daban. Aka ba shi magunguna, aka ce ya dawo bayan wata uku, domin jiki na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala ƙera sabon maniyyi. Gwaji na biyu ya nuna miliyan 5.

Malama ta rage nauyi zuwa kilo 76. Aka sa ta kan ƙwayar letrozole wata huɗu ana bin ta da sikanin, ta saki ƙwai a wata uku daga ciki, ba a samu ciki ba. Sai kullen korona ya zo a ƙarshen Maris na 2020 ya tsayar da komai. Da al'amura suka buɗe, likitan ya faɗa musu gaskiya: da irin wannan ƙarancin maniyyi, hanyar da ta rage ita ce dashen ciki, wato IVF, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki sannan a mayar cikin mahaifa, kuma irin wanda ake ɗauko ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwai da siririyar allura. Wannan dabara, ICSI, a Beljiyam aka fara samun haihuwa da ita a 1992.

Kuɗin mutum ɗaya kawai za su iya tarawa. Aka yi zaman gida, aka tsayar a fara da Malama, domin ta fi shekaru kuma rabin kuɗin daga hannunta ya fito: ta sayar da sarƙarta da rabonta na gonar gado, ta haɗa da kwasar adashi.

## Zagaye na farko, Fabrairu 2021

A wata cibiya mai zaman kanta a wajen Zariya aka yi. Kwana 11 tana karɓar allurar da ke sa ƙwai da yawa su nuna lokaci guda, sannan aka yi mata allurar sinadarin hCG, wadda ke kammala nunar ƙwan, bayan awa 36 aka zuƙo ƙwan. An samu 19, guda 14 nunannu. Aka yi wa duka allurar maniyyi, 10 suka haɗu suka zama 'yan tayi. A rana ta uku, 8 na ci gaba da rabuwa yadda ake so. Aka mayar da 3 cikin mahaifa.

A ranar dashen, tana kwance a kan gado, ma'aikaciyar cibiyar ta tare maigida a baranda ta tambaye shi ko za a daskarar da sauran biyar ɗin, ta faɗi ƙarin kuɗin. Ba a taɓa yi musu wannan maganar ba sai ranar. Ya yi tunanin ɗauke wuta, ya yi tunanin ko addini ya yarda, ga shi kuɗin hannunsa sun kusa ƙarewa. Ya ce a'a. Aka bar 'yan tayin biyar suka tsaya da girma, aka zubar.

Kwana uku bayan haka cikin Malama ya kumbura, ta fara amai, fitsarinta ya ragu, numfashi ya yi mata nauyi. Ta ƙara kilo 4 cikin kwana uku. Wannan shi ne kumburin gidan ƙwai da ke biyo bayan allurar, inda ruwa ke tsiyayowa daga jijiyoyin jini ya taru a ciki, jini ya yi kauri. Masu PCOS sun fi kowa shiga haɗarinsa, kuma sinadarin hCG ne ke rura shi, ko na allura ko wanda sabon ciki ke samarwa. Ta yi kwana shida a gadon asibiti ana ƙara mata ruwa da allurar hana gudan jini. Bayan mako biyu gwajin ciki ya nuna babu. Takardar da aka ba su ba ta nuna kaurin shimfiɗar mahaifarta a ranar dashen ba.

## Shekarar tambayoyi, 2021

Kusan wata huɗu ba wanda ya sake tayar da maganar. Malama ce ta fara, da tambayar da ta tsaya mata a rai: ina sauran biyar ɗin? Da ta ji yadda aka yi, sai ta ce ba za ta sake kwanciya a ƙarƙashin allura ba sai an warware abubuwan da suka sa ya ƙi.

Maganar wuta ta fi sauƙin warwarewa, kuma a nan Zariya aka warware ta. A Shika akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, wadda ta daɗe da aikin barbarar shanu ta hanyar allura da maniyyin bijimai da aka daskarar. Wani abokin maigida likitan dabbobi ya nuna masa irin tulun da ake ajiyar. Babu waya ko ɗaya a jikinsa. Tulu ne na ƙarfe mai bango biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, a ciki akwai ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ko an yi mako ba wuta, sanyinsa na nan. Abin da yake bukata shi ne a riƙa auna ruwan ana ƙarawa, domin yana ƙafewa a hankali. Haɗarin yana wajen sakaci ko lalacewar tulun. A watan Maris na 2018 tuluna suka lalace a cibiyoyi biyu a Amurka, ɗaya a Kilifland ɗaya a San Faransisko, kuma a ta farkon kaɗai an yi asarar ƙwai da 'yan tayi kimanin 4,000. Wuta kam ana bukatarta sosai, amma ga na'urar ɗumi da 'yan tayin ke kwana biyar a ciki kafin a daskarar da su.

Maganar addini ta ɗauki lokaci. Suka je wajen wani malamin fiƙihu a cikin birni. "Allah gafarta Malam, shin halal ne a ajiye ɗa a cikin ƙanƙara?" Haka maigida ya yi tambayar. Malamin ya nemi su ba shi mako biyu ya duba. Da suka koma, ya ce asalin dashen ciki malamai sun halatta shi tun fatawar Azhar ta 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar a zamanta na Amman a 1986, da sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, mahaifa tata, kuma auren na nan. Game da ajiya kuwa akwai saɓani. Ita wannan majalisa, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce a taƙaita haɗa ƙwai da maniyyi ga adadin da ake bukata don kada a samu rara, tunda ana iya ajiye ƙwan da ba a haɗa ba. Wasu malaman, musamman na Masar, sun halatta daskarar da 'yan tayi muddin ma'auratan ne za su yi amfani da su kuma igiyar aure ba ta tsinke ba. Shawararsa ita ce su haɗa kaɗan, da niyyar mayar da duk wanda ya rayu cikin mahaifarta, sauran ƙwan a ajiye su haka nan.

A lokacin ne wata yayar maigida ta kawo shawara, kuma da kyakkyawar niyya ta kawo ta: in an samu rarar 'yan tayi, me zai hana a dasa wa amarya, tunda uba ɗaya ne, a huta da biyan kuɗi sau biyu? Malamin ya ce ba sabuwar tambaya ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta taɓa halatta hakan a 1984, sannan ta janye a 1985, saboda tsoron cakuɗuwar nasaba ta ɓangaren uwa. Aka rufe wannan babin.

## Zagaye na biyu, Maris 2022

Sun koma wata cibiya a Abuja. Kafin su biya ko sisi, Malama ta nemi a nuna mata littafin da ake rubuta awon ruwan tulu, ta tambayi cikin 'yan tayi goma da suka narkar nawa ke rayuwa a hannunsu, ta tambayi yadda ake rubuta suna don kada a yi musaya. Suka sa hannu a takardar yarjejeniya: ba za a ba kowa ba, ba za a yi bincike da su ba, idan aure ya mutu ko ɗayansu ya rasu a fitar da 'yan tayin daga sanyi.

Likitar ta sauya tsari. Ta rage ƙarfin allurar kullum, sannan a maimakon hCG ta yi amfani da wata allurar da ke sa jikin mace ya saki nasa sinadarin na ɗan lokaci kaɗan. Wannan na rage haɗarin kumburi ƙwarai, sai dai yana barin mahaifa ba ta shirya karɓar ciki a wannan watan ba. Saboda haka tun farko aka tsayar cewa ba dashe a wannan zagaye, komai za a daskarar.

An samu ƙwai 21, guda 17 nunannu. Malama na da shekara 32. Aka ware 8 aka daskarar da su cikin awanni kaɗan da cirowa. Aka yi wa 9 allurar maniyyi, 7 suka haɗu, 3 suka kai rana ta biyar da kyau, lokacin da ɗan tayi ya zama ɗan ƙwallo mai ƙwayoyin halitta fiye da ɗari. Aka daskarar da ukun, kowanne a kan tsinkensa.

Abokin gabar wannan aiki shi ne ƙanƙara. Wanda ya taɓa cika kwalbar zoɓo ya manta da ita a firiza ya san ruwa na kumbura idan ya daskare har ya fasa abin da ke riƙe da shi, ga shi ƙanƙarar na da tsini. Ƙwan mace shi ne ƙwayar halitta mafi girma a jikin ɗan Adam, ya ɗan haura kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma yawancinsa ruwa ne. A cikinsa akwai wasu siraran zare da ke riƙe da kayan gado, waɗanda sanyi ke saurin wargazawa. Shi ya sa tsohuwar hanya, wadda na'ura ke saukar da zafi da kusan kashi uku cikin goma na digiri a minti har tsawon awa biyu ko fiye, ta yi wa 'yan tayi amfani amma ta riƙa kashe ƙwai da yawa. An haifi ɗaya daga cikin jariran farko daga daskararren ɗan tayi a Ostareliya a 1984, na farko daga daskararren ƙwai kuma a 1986, amma shekaru da dama bayan nan nasarar ƙwai ba ta taka kara ta karya ba.

Sabuwar hanyar ba ta ba ƙanƙara damar haɗuwa ko kaɗan. Ana tsoma ƙwan a wani ruwa mai sinadarai biyu, etilin gilaikol da DMSO, na kimanin minti 12 zuwa 15, su shiga ciki su maye gurbin wani ɓangare na ruwansa. Sai a mayar da shi ruwa na biyu mai ninkin ƙarfin na farko haɗe da sukari, wanda ke zuƙo sauran ruwan waje. A nan hannu ke bambanta da hannu, domin sinadaran guba ne ga ƙwan idan ya daɗe, ba a so ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Cikin wannan ɗan lokaci ma'aikaciyar za ta ɗauko shi tana kallo ta madubin ƙara girma, ta ɗora a kan bakin wani siririn tsinken roba cikin ɗigon da ido da ƙyar yake gani, ta tsunduma shi cikin ruwan naitirojin. Saurin saukar zafin ya haura digiri 20,000 a minti, wato cikin ƙasa da daƙiƙa guda an gama. Ruwan da ya rage ba ya samun sukunin jeruwa ya zama ƙanƙara, sai ya sandare garau ya zama gilashi. An fara gwada dabarar a kan 'yan tayin ɓeraye a 1985, aka samu haihuwar farko daga ƙwan mutum da aka daskarar haka a 1999, sannan masanin nan na Japan, Masashige Kuwayama, ya fito da tsinken Cryotop da ya yaɗa ta a duniya. A 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran daskarar da ƙwai aikin gwaji. A cibiyar da ta ƙware, fiye da 9 cikin 10 na 'yan tayin rana ta biyar na rayuwa bayan narkarwa, ƙwai kuma 8 zuwa 9 cikin 10.

Malama ta ɗan ji nauyin mara na kwana uku. Ba ta kwanta asibiti ba. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa, suka ƙarasa Zariya a mota.

## Jira, Afrilu zuwa Nuwamba 2022

An shirya su koma bayan azumi. A ranar 28 ga Maris, kwanaki kaɗan da dawowarsu, aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka dakatar da zirga-zirgarsa. Titin ma ba a natse da shi ba. Maigida ya ce ba inda za su, kuma a gaskiya kuɗi ma babu. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Wata tara 'yan tayin na cikin tulu. A wannan sanyi duk wani aikin rayuwa a cikin ƙwayar halitta ya tsaya cak, ba ta girma ba ta tsufa. Abin da suka biya a wannan lokaci kuɗin ajiya ne kawai.

## Dashe, Disamba 2022 zuwa Yuni 2023

Shirin dashen daskararren ɗan tayi ba shi da wahalar na farko. Ƙwayoyin istirojin ake sha kimanin mako biyu don shimfiɗar mahaifa ta yi kauri, ana so ta kai aƙalla milimita 7, sai a fara firojestaron, sinadarin da ke shirya mahaifa ta karɓi ciki, kwana biyar kafin ranar dashen. Sikanin na farko ma a Zariya ta riƙa yi tana tura sakamakon ta WhatsApp.

A Disamba shimfiɗar ta tsaya a milimita 5.5. Likitar ta soke dashen. Ba a taɓa ɗan tayi ko ɗaya ba.

A Janairu 2023, da ƙarin magani, ta kai 7 da ƙyar. Malama ta roƙi a sa biyu, tana fatan tagwaye. Likitar ta ce, "Malama, ɗaya zan sa. Tagwaye na zuwa da haihuwar bakwaini da hawan jini, ke kuma uku gare ki kacal." Aka ciro tsinke guda aka tsoma kai tsaye cikin ruwan sukari mai ɗumin digiri 37. Saurin ɗumamawar na da muhimmanci kamar na daskarwar, domin ƙanƙara na iya haɗuwa a hanyar dawowa. Bayan awa biyu ɗan tayin ya sake cika, aka dasa. Bayan kwana 11 gwajin jini ya nuna babu ciki.

Likitar ta ƙi ci gaba sai an leƙa cikin mahaifar da kyamara. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar da azumi suka jinkirta aikin zuwa ƙarshen Afrilu. Aka tarar da tabo ya manne wani sashe na bangon mahaifar, irin wanda kankarar wankin mahaifa ke bari. Aka yanke mannewar, ta sha istirojin na wasu makonni don wurin ya warke.

A tsakiyar Yuni shimfiɗar ta kai milimita 8.5. Aka narkar da ɗan tayi na biyu, wanda ya yi wata 15 a tulu, aka dasa. Gwajin jini ya nuna ciki. A mako na bakwai aka ga bugun zuciya guda. Bisa rasit ɗinta, kowane dashe ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin cikakken zagaye. A daidai wannan lokaci aka cire tallafin fetur aka kuma saki darajar naira, farashin allurai da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi.

## Ciki da haihuwa

Ta ci gaba da magungunan har mako na 12, sannan ta koma awo a Zariya. An sa ta kan ƙaramar asfirin, domin bincike ya nuna cikin da aka shirya mahaifarsa da ƙwayoyi kaɗai ya fi saurin zuwa da hawan jini. A mako na 35 jininta ya hau zuwa 150 bisa 100, aka fara magani. A farkon Fabrairu 2024, a mako na 37, aka yi mata tiyata aka ciro 'ya mace mai nauyin kilo 2.9. Jinin ya sauka bayan mako uku.

## Hukunci

Daskarwa ba ta warkar da kowa a gidan nan ba. PCOS ɗin Malama na nan, maniyyin maigida bai ƙaru ba. Abin da ta yi shi ne raba ranar ciro ƙwai da ranar dashe, kuma a ganina duk nasarar a cikin wannan rabuwa take. Ita ta ba likitar damar amfani da allurar da ta kare Malama daga kumburin da ya kwantar da ita a 2021. Ita ta sa rufe hanyar Abuja ya zama jinkiri kawai. Ita ta sa aka iya soke dashen Disamba ba tare da asara ba, aka kuma samu sukunin gano tabon mahaifa alhali akwai sauran 'yan tayi a ajiye. Da a ce sabon zagaye za a fara bayan kowace faɗuwa, da kuɗin sun ƙare tun kafin a kai ga kyamarar.

Ta yi aiki kuma saboda ƙwan na 'yar shekara 32 ne. Sanyi na riƙe ƙwai a yadda ya same shi, ba ya gyara shi. Da Malama ta kai 40 kafin a ciro, da wuya ƙwai 9 su ba da 'yan tayi uku masu kyau.

Ban ɗora laifin 'yan tayi biyar na 2021 a kan maigida ba. Tambayoyinsa na mai hankali ne, kuma duk suna da amsa. Cibiyar da ta jira sai ranar dashe, a tsaye a baranda, sannan ta yi wa mutum irin wannan tambaya ita ta gaza. Maganar ajiya, da kuɗinta, da hukuncinta, kafin allurar farko ya kamata a gama ta.

Asara mafi girma ta faru tun kafin a san da wata daskarwa. Shekara biyar da rabi aka yi ana ɗirka wa mace magani ba a gwada mijinta ba, alhali gwajin maniyyi na cikin mafi arha a duk binciken, kuma Shika ba nisa. Wankin mahaifa biyu da ba su da dalili suka bar tabon da mai yiwuwa shi ya cinye dashen 2021 da na Janairu 2023. Wannan ɗabi'a ta kankare mahaifar macen da ba ta yi ɓari ba da sunan neman haihuwa tana nan har yanzu, kuma ya kamata mata su ƙi ta.

Raba ƙwan gida biyu ya kwantar musu da hankali ta fuskar addini, amma yana da farashi. Likitar ta ƙiyasta cewa daga ƙwai 8 da ke ajiye, wataƙila 7 su rayu, 5 su haɗu, a samu 'yan tayi ɗaya ko biyu, kuma sai an sake biyan kuɗin allurar maniyyi domin ɓawon ƙwai na taurara bayan sanyi. Ga macen da ba ta kai 35 ba, likitoci kan so a ajiye 10 zuwa 15 ko fiye kafin a sa rai sosai.

Yanzu ɗan tayi guda da ƙwai 8 na Abuja, ana biyan kuɗin ajiyarsu duk shekara. Malama na son a dasa na ƙarshen bayan ta yaye 'yarta. Amarya, wadda ba a taɓa samun wata matsala a jikinta ba, ta kusa shekara 30 ba ta haihu ba, kuma alƙawarin da aka yi mata a zaman gida na 2020 cewa ita ce ta gaba yana jiran kuɗin da ya ninka abin da aka biya a 2022.